Nana Asma'u da Malfar Inna

A wannan fitowa ina so in yi magana kan wata mace wadda sunanta ya cika makarantun ƴan mata a Najeriya, amma mu nan ƙetaren iyaka ba mu cika ambatonta ba. Nana Asma'u ce, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A lakwal an karanta mana jihadin 1804 da Faransanci, aka ba mu sunayen maza uku, Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, aka wuce. A gida kuma, ga wanda ya tashi a Maraɗi kamar ni, labarin Sakkwato labarin mutanen da suka kori kakanninmu daga Katsina ne. Kakata har ta rasu maganarta ɗaya ce: "Sun ci birni, mu ba su ci mu ba." Tsakanin darasin lakwal da fushin gida sai matar ta ɓace mana. Ni kuwa ina ganin muna da rabo a cikin tarihinta, har da rabo mai ciwo.

An haife ta a Ɗagel wajen 1793, cikin ƙasar Gobir. A tuna lokacin babu wannan iyaka da Turawa suka shata daga baya. Shi kansa Shehu a Marata aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, kuma har Agadas ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Asma'u tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a sa mata, sai uban ya zaɓi sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, kishiyoyin uwar suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa uwar Bello. Mu da muka tashi da tatsuniyoyin da kishiyar uwa ke aiken marainiya kogi mai nisa, ya kamata mu ɗan tsaya a nan. Wannan riƙo shi ya haɗa ta da Bello, wanda ya girme ta da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, kuma shaƙuwarsu ba ta yanke ba har mutuwa ta raba.

Gidan da ta tashi gidan karatu ne, mata da maza. Shehu a littafinsa Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara almajirai a zaure suna koyarwa alhali matansu da ƴaƴansu mata na cikin gida ba su san farillan alwala ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗiyarsa ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma ji Buzanci.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, cikin Fabrairun 1804, bayan zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Littattafan lakwal na jera yaƙe-yaƙen kamar sakamakon wasan ƙwallo: Tafkin Kwatto nasara, Tsuntsuwa asara, Alwasa asara, Alƙalawa 1808 nasara, an kashe Yunfa. Amma a bayan rundunar akwai mata da yara da tsofaffi, suna tafiya a ƙasa daga sansani zuwa sansani, ga yunwa ga ciwo. Yarinyar tana cikinsu. Ta ga zawarawan yaƙi tun ba ta kai aure ba. Ni a ganina wanda bai riƙe wannan a ransa ba, ba zai gane abin da ta yi da tsufanta ba.

Cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Waziri bayan rasuwar Shehu a 1817. Ta haifa masa ƴaƴa maza shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Gidan Waziri ba gidan hutu ba ne. Nan baƙi ke sauka, nan manzannin sarakunan gabas ke jiran amsa. Har Baturen Ingila Klafaton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Duk wadda ta taɓa ganin hidimar suna ko biki na kwana biyu, ta ƙiyasta gidan da kullum haka yake, shekara da shekaru: daka, dahuwa, rabon tuwo, sulhunta barori, jinyar wanda ya kwanta.

Sannan ga wata hidimar gida da ba a cika lissafawa ba, wato littattafan mahaifinta. Shehu ya bar rubuce-rubuce masu yawa, takardu ne warwatse cikin gafaka, sun sha yawon hijira a bayan dabbobi. Takarda a lokacin kaya ce mai tsada da ake kawowa ta hamada, ga gara, ga ruwan damina, ga gobara. Asma'u na cikin waɗanda suka zauna suka tattara su, suka tsara. Ba ta tsaya ga adana ba. A 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar gargaɗi ce ga masu mulki: sarkin da ke cin dukiyar talakawa, alƙalin da ke karɓar toshiya, mai ƙwace gonar mutane. Ku lura da lokacin. Ɗan'uwanta ne ke kan gadon sarauta, mijinta ne Waziri, ita kuma ta ɗauki wannan gargaɗi ta sa shi cikin harshen da talaka ke ji, har makafi masu bara suka riƙe shi a baki. Biyayyarta ga gidansu ba ta yin shiru ba ce.

Yanzu bari mu zo ɓangarenmu, don a nan ne maganar ke da nauyi.

Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Gidan sarautar Haɓe ya watse, Ɗan Kasawa ya yi zaman gudun hijira ta wajen Damagaram, daga baya ya zo ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma ba su saduda ba bayan Alƙalawa. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Abzinawa ƙarƙashin Ibra suka haɗa kai suka fuskanci Bello a Gawakuke. Aka karya su. Ali da Rauda duk suka faɗi a fagen fama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri da taimakon Ɗan Mari, sabon Sarkin Maraɗi, shi ya sa garuruwan biyu ke kusa da juna haka. Mata da yara masu yawa aka kwashe a waɗannan yaƙe-yaƙe aka kai ƙasar Sakkwato a matsayin bayi.

Asma'u ba ƴar kallo ba ce a cikin wannan. Ta rubuta doguwar waƙa kan nasarar Gawakuke tana yabon Bello, ta kuma rubuta addu'o'in neman a karya sarakunan Gobir na Tsibiri. Ƴar'uwarta Fadima, matar Aliyu Jeɗo shugaban runduna, an san ta da shirya guzuri in za a fita yaƙi, kuma Asma'u ta lissafa wannan cikin alheranta. To wannan guzuri, sau da yawa, na tahowa ne wajenmu. Ba na son mu ɓoye wannan don muna yabon mace. Ita ɗiyar gidansu ce, ta tsaya da gidansu, kamar yadda matan Maraɗi suka tsaya da nasu a bayan ganuwa.

Amma bayan ƙurar yaƙi ta kwanta, me ya rage? Gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan da ke kewaye sun cika da matan da aka raba da garinsu da mazansu da ƴaƴansu. Hausa suke ji, ba Fulatanci ba, balle Larabci. Abin da suka zo da shi na neman sauƙi in ciwo ya kama ko zuciya ta ƙuntata shi ne bori. Kuma bori a Gobir ba wasan ƴan tasha ba ne, yana da sarauta. Inna, mace daga gidan sarauta, ita ce uwar ƴan bori duka, tana da fada, tana jin ƙarar mata, tana hawan doki, tana sa malfa kamar namiji. A Maraɗi Iya muke ce wa mai irin wannan matsayi, kuma har yau ana naɗa su. Wato macen Gobir ta saba da cewa akwai wata babbar mace da za a kai wa kuka. A sabuwar daula ba a tanadi wannan gurbi ba. Malamai maza na iya hana kiɗan garaya, amma ba za su shiga ɗaki su zauna da mai jego ko mai takaba ba.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Giɗaɗo ya ja jiki daga hidimar fada ya koma rubuta tarihin Shehu da na amininsa. Asma'u, tana da shekara arba'in da ƴan kai, ta fara abin da aka sani da Ƴan Taru.

Tsarin mai sauƙi ne, shi ya sa ya daɗe. Matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwana biyu ba, ba mijin da zai yarda. To amma akwai mata iri biyu da ba mai hana su fita: tsofaffin da suka gama haihuwa, da ƴan matan da ba su kai aure ba. Asma'u ta zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga kowane ƙauye ta naɗa ta jaji. Kalmar daga bakin fatake ta fito, jaji shi ne mai jan gaban ayari. In rani ya yi, an gama aikin gona, jaji za ta tattara ƴan rakiyarta su kamo hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u, ɗauke da saƙon matan da ba su samu zuwa ba: zuma, man shanu, hatsi, zare, ɗan ƙyalle. Asma'u ba ta tara waɗannan kaya ba, rabar da su take ga makafi da guragu da zawarawa. Su kuma su zauna ƴan kwanaki, ta saurari matsalolin da aka aiko su da su, ta ba da amsa, ta koya musu waƙa. Su koma gida su bi ɗaki ɗaki suna rerawa har matan su haddace.

Waƙoƙin nan su ne allo da littafi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti talatin kacal, ta fara yin ta da Fulatanci daga baya ta mayar Hausa. Akwai na alwala da salla da azumi, akwai na tarihin Annabi, akwai wadda ta lissafa mata salihai tun daga matan Annabi har zuwa matan gidan Shehu, don mace ta ji cewa akwai irinta a cikin bayin Allah na gari. Ta kuma rubuta littafi da Larabci kan neman waraka da ayoyi da addu'a: ta naƙuda, ta ciwon kai, ta tsoro, ta talauci, wato dai matsalolin da ake kai wa ƴan bori. Ta gane cewa ba a karɓe wa mutum abin da ya dogara da shi a bar shi hannu sake. Mace na daka tana rera darasi, tana kaɗi tana rerawa, ba ta buƙatar fitila ko takarda ko izinin fita. Mu da ke kukan rashin littattafai a ɗakin karatu, har muna jiran layin mai fotokofi, mun san darajar wannan dabara.

Ga kuma abin da ya sa na ba wannan rubutu sunansa. Ranar naɗin jaji, Asma'u kan ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru masu yawa a Sakkwato tana bin tarihin Asma'u, ta nuna cewa wannan malfa irin ta Innar Gobir ce. Duk macen da ta fito daga Gobir, in ta hango tsohuwa da malfa ta san ma'anarta ba sai an faɗa mata ba: ga uwar mata nan tafe. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka sani ta canza abin da ke ƙarƙashinta.

Mun yi gardama kan wannan da wani abokina na sashen tarihi. Shi cewa ya yi wannan shi ne ƙarshen cin yaƙi: an karɓe birni, an karɓe mutane, sannan an karɓe har hular kansu. Ban ce ƙarya yake ba. Matan da aka kamo ba su zaɓi zuwa Wurno ba, kuma karatun bai mayar da su gida ba. Abin da na ce masa shi ne ya dubi ɗaya gefen. A duk faɗin daular nan, da sarakunanta da alƙalanta, wa ya zauna ya yi tunanin abin da baiwa Bagobira ke ji a ranta da dare? Wa ya ga cewa tsohuwar ƙauye, wadda kowa ke ganin ta gama amfani, za ta iya zama malama mai muƙami? Kuma aron malfar shi kansa shaida ne. Ba a aron abin da aka raina. Asma'u ta ga cewa matan Gobir sun riga ta sanin yadda mata ke riƙe junansu, ta ɗauka daga gare su. In haka ne, Ƴan Taru gadon gida biyu ne, kuma ɗaya gidan namu ne.

Abin da ya fi taɓa ni a rubuce-rubucenta, waɗanda kusan sittin suka iso gare mu, shi ne waƙoƙin makoki. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo da ya rasu a 1851, wannan ba mamaki. Amma ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, wadda ba ta da wata sarauta, abin da aka san ta da shi kawai haƙuri da son yara da haɗa kan dangi. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga jajinta, wadda ta yi shekaru tana jan ayarin mata zuwa gare ta. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake bugun ƙofarta in naƙuda ta tashi ko in an yi rasuwa ana neman mai wankan gawa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Marubutan zamanin na rubuta wa ya hau, wa ya sauka, wa ya ci wane gari. Ita ta ɗauki tawada da takarda mai tsada ta rubuta sunan ungozoma. Yau fiye da shekara 160 ke nan, mun san akwai wata mata Zaharatu, mun san aikinta.

Kowace unguwa tamu na da irin wannan mata. A tamu akwai wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo kafin a saba da zuwa asibiti, ita ce mai wankan mamata mata, ita ce mai riƙe kuɗin adashi don ba a taɓa jin dala ɗaya ta ɓata a hannunta ba. In miji da mata sun saɓa, ɗakinta matar ke kwana, da safe ta rako ta. Ranar da ta rasu layin ya cika har bakin titi. Bayan sadakar arba'in shi ke nan, ƙannena da aka haifa daga baya ba su san ta ba. Haka su ma Innonin Gobir da Iyoyin Maraɗi na wancan ƙarni: mun riƙe jerin sarakuna maza tun daga Ɗan Kasawa, ana rera shi da kiɗa, amma matan da suka riƙe gari lokacin da maza ke Gawakuke ba su samu mai alƙalami a gefensu ba. Ko ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu ƙasashe da dama, in ka karanta labarinsu sunan ƙungiyar CARE za ka fi gani, ba na matan ƙauyen da suka fara zuba kuɗinsu cikin akwati ba.

Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da ɗaya ko kusa da haka, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi ragamar Ƴan Taru, aikin ya koma Wurno, bayanta wasu matan gidan suka ci gaba, har Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903 ba a daina naɗa jaji ba. Wazircin Sakkwato ya zauna a zuriyarta: ɗanta Abdulƙadir ya yi, ɗanta Abdullahi Bayero ya yi, jikanta Buhari shi ne Waziri ranar da Turawa suka shigo. Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta a ɗakin littattafansa, shi ya buɗe wa Jean Boyd su. A wannan shekara ta 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukan a Amurka, da fassarar Ingilishi da hoton rubutun ajami na asali. Littafin ƙato ne, mai tsada, mu kuma Faransanci aka koya mana. Waƙoƙinta na Hausa dai ba sa buƙatar tafinta a wurinmu, in akwai mai karanta ajami a kusa. Wanda kuma ya samu zarafin zuwa Ƙonni, daga nan zuwa Sakkwato ta Illela bai kai kilomita ɗari ba, kuma mata na zuwa ziyara Hubbare har yau, wasunsu daga wannan ɓangare na iyaka.